Tantin da Ashafa Ya Kafa a Ƙorama

Litinin, 22 ga Agusta, 1960. Bayan la'asar.

Malam Hadi, sakataren kulob ɗinmu na 'yan keke, ya karanta muna takarda daga Kaduna a ƙarƙashin dalbejiyar Ƙofar Taramniya. Za a yi tseren keke na daji cikin makon bikin 'yancin kai, ba bisa kwalta ba, cikin taɓo da rairayi da gangare, inda sai mutum ya sauka ya saɓa kekensa a kafaɗa. Kowane kulob mutum ɗaya. Ɗaya tak. Don haka ran Asabar goma ga wata mai kamawa za mu tafi Wamakko mu kafa tanti a bakin gulbi mu kwana, da safe mu yo tsere ta fadama zuwa gida. Wanda ya fara taɓa dalbejiya shi za shi Kaduna.

Da ya naɗe takardar, mutum tara duk sunka waiwaya sunka dubi Ashafa. Ni ina zaune nan gabansu, hulata ma ba ta karkace ba. Shekara shida ba a taɓa riga ni wagga dalbejiya ba sai bana.

Ashafa ɗan Goggo Hajjo ne, ƙanwar babana, watau taubashina, abokin wasana. Bisa kekena ya koyi tuƙi, ni na riƙe mishi sirdi ina gudu a bayansa har takalmina ya tsinke. Yanzu shi ke kai nama Bariki daga mayanka kowace safiya, cinya biyu ta saniya a bayan keke, shi ya sa ƙwaurinsa ya yi kauri kamar taɓarya. Ni kuwa ina zaune bisa kujera a shagon fatu ina rubuta nauyi tun safe har azahar.

Ya ce mini gaban jama'a, "Ƙafar-sauro, mi zan sayo maka a Kaduna?"

Na ce, "Bawana, ka sayo sabulu ka wanke ƙarnin naman da ke jikinka."

Anka yi dariya. Nima na yi.

Laraba, 24 ga Agusta. Gab da magariba.

Mun yi gwaji a kwazazzabon bayan gari. Wajen gangara har yanzu babu mai kama ni, wannan ko makaho ya sani. Amma da munka zo hawa, inda ake sauka a ɗauki keke, sai na ga Ashafa ya cafe nasa da hannu ɗaya ya jefa a kafaɗa, ya haye da gudu shina fito. Fito, jama'a! Ni ina tsakiyar tudu, ƙarfen keke na cin kafaɗata, numfashina na fita ta kunne.

Ya zauna a sama shina jirana, ya ce in ina so shi sauko shi goya ni ni da keken.

Ni na koya mishi yadda ake sa hannu ƙarƙashin ƙarfen a ɗauka. Ni.

Juma'a, 26 ga Agusta. Bayan masallaci.

Mutum huɗu sun tambaye ni yau ko Ashafa ya shirya. Babu wanda ya tambaye ni ko ni na shirya.

Lahadi, 28 ga Agusta. Hantsi.

Karimatu matata tana daka, ina goge sarƙar keke, sai ta ce wai mata sun ce in Ashafa ya wuce ta gaban rijiya da safe ba a ganin ƙafafunsa don sauri. Na ce su matan ba su da aikin yi sai kallon ƙafar mahauta? Ta ce, "A'a, Malam, mi ya yi zafi? Ba ɗan'uwanka na ba?"

Na ce ɗan'uwana ne mana, na ce ba shi ne ba?

Ta ci gaba da daka. Ni kuwa na goge sarƙar nan har sau uku alhali tun karo na farko ta fita.

To, bari in rubuta tunda littafina ne, babu mai dubawa. Ina ƙyashinsa. Ba wai ina so wani abu shi same shi ba, Allah ya sani. So nike kawai wata rana shi ji yadda ake ji in an waiwaya an dubi wani.

Alhamis, 1 ga Satumba. Azahar.

Ɗan banzan nan Ashafa ya yi mini ta yau. Jiya ya tare ni da fuska a murtuke ya ce Malam Hadi ya mai da gwaji Sama Road, da an sallame asuba. Na tashi ko koko ban sha ba, na je na tsaya cikin yayyafi ni kaɗai kamar jaki a bakin kasuwa, har rana ta fito. Ashe babu wani gwaji. Da na komo na iske shi ƙofar shagonmu shina ba masu jima labari, suna riƙe ciki.

Wasa ne, na sani. Ba a fushi da taubashi, in ka yi fushi kai anka ci. Ni ma watan jiya na ce mishi Bature na nemansa a Bariki zai ba shi sabuwar taya, ya sa babbar riga ya tafi. Amma wancan ya fi wanga ban dariya, kuma ba a cikin ruwa ya tsaya ba.

Talata, 6 ga Satumba. Bayan la'asar.

Abin da ya faru yau ya fi na Alhamis ci mini rai, ko da shike ban san yadda zan faɗe shi ba tare da na zama mutumin banza ba.

Muna hutawa bayan gwaji, Ashafa ya tsuguna gaban kekena ya ce ƙarfen da ke riƙe da wilin gaba ya tsage. Na ce ya tsage a gidanku. Ya sake faɗi, na ce shi je shi yaudari masu jima. Sai ya miƙe ya kama hannuna, ya ce, "Jinaidu, don darajar Inno, duba."

Inno kakarmu ce, uwar babana da Goggo Hajjo. Ita ta yi renonmu tare shekara huɗu a ɗakinta. Da ta ga ƙaryar wasanmu ta yi yawa, har wata rana na ce mishi akwai kunama a tabarma ya ƙi yarda ta harbe shi, sai ta kafa muna doka: ku yi wasanku yadda kuka ga dama, amma duk wanda ya sa sunana cikin magana, to wasa ya ƙare, gaskiya ce. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarta, babu wanda ya taɓa karya dokar a cikinmu.

Na duba. Tsaga ce siririya kamar gashi. Da na gangara kwazazzabo da ita da ƙarfi, da yanzu haƙorana na gaba suna can cikin tsakuwa. Na kai wa maƙeri ya ɗinke.

Kowa sai sa mishi albarka. Malam Hadi ya ce wanga shi ne ɗan wasa na gaske, mai duba keken abokin takararsa. To. Gudu nasa, hawa nasa, yanzu kirki ma nasa. Ni mi anka bar mini, rubuta nauyin fata?

Na yi mishi godiya. Ta fito da ƙyar.

Juma'a, 9 ga Satumba. Magariba.

Kwana uku ana ruwa. Na ɗaure tamfol, da igiya, da tabarma, da garin fura, da famfo da faci. Littafin nan na naɗe shi cikin fata. Karimatu ta ƙulla mini kilishi ƙunshi biyu, ta ce ɗaya na Ashafa ne.

Asabar, 10 ga Satumba. Azahar, Wamakko.

Mun iso mu goma sha ɗaya, kowa taɓo har gwiwa. Malam Hadi ya zaɓi wani tudu mai tsakuwa da ke kallon gulbi, nan munka kakkafa tamfol bisa sanduna. Iska ce matsalar. Tun da munka fara take fizga daga gabas, turaku ba sa kama ƙasa, tamfol ɗin Mamman, ɗan kulob ɗinmu, ya tashi sau biyu sai da munka bi shi da gudu cikin gonar gero.

Ashafa ya ce shi ba zai kwana shina kokawa da iska ba ga tsere gobe. Ya naɗe kayansa ya gangara ƙasa. Akwai wata busasshiyar ƙorama a gindin tudun, rairayi fari tas, gaɓa ta tsare ta daga iska, ga giginya biyu a bakinta. Nan ya kafa nasa, ya jingina keke da giginya, ya kwanta ya ɗora ƙafa ɗaya bisa ɗaya. Daga sama muna hangensa, tantinsa ko motsi ba ya yi.

Mamman ya ce, "Kai, Ashafa akwai kai." Sauran sunka ce wallahi.

Ni ma na ga wurin nan tun farko. Ban dai yi magana ba.

Asabar ɗin dai. Bayan magariba.

Hadari ya haɗu baƙi ƙirin tun la'asar, bai zuba ba tukuna. Na sauka gulbi in yi alwala, na iske wani dattijo mai fito, sunansa Gambo, shina jawo jirginsa can sama da inda ake ɗaurewa. Ya tambaye ni ko ni ne babban masu keken nan. Na ce ni ne. Ya nuna mini ruwan, ya ce in duba launinsa. Ya yi ja, ga kumfa, ga karan gero ɗanye na wucewa da ganyensa.

Ya ce, "An yi ruwa can sama, mai yawa. Shina tafe. Wancan yaron naku da ke cikin ƙorama, ka ce mishi shi tashi. Kafin gari shi waye wurin nan gulbi na."

Na ce to, Baba, zan gaya mishi.

Na je kuwa. Na tsaya bakin gaɓa na kai mishi kilishinsa, na jefa mishi. Na ce, "Bawana, tattara tsummokaranka ka hau tudu, ruwa na zuwa shi wanke ka, ko mu huta da ƙarni."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Ƙafar-sauro, ramuwar Sama Road ta? So kake in kwashe kaya in hau tudu cikin iska, gobe ƙafata ta yi sanyi? Nemi wata dabara."

Na ce, "Oho dai. Na gaya maka."

Ya ɗan tsaya shina dubana, baki a buɗe, kamar mai jiran in ƙara wani abu. Na gyara hulata na hau tudu.

Na gaya mishi. Duk abin da Gambo ya ce na faɗa. In ma ruwan ya zo, iyaka shi jiƙa mishi tabarma shi hana shi barci, gobe shi tashi da nauyin jiki. Wanga ba wani abu ba ne. An fara yayyafi, bari in naɗe littafi.

Lahadi, 11 ga Satumba. Hantsi.

Ruwa ya zo.

Lahadi. La'asar.

Ba a yi tsere ba.

Tun jiya babu wanda ya runtsa, mun kwana riƙe da sandunan tamfol, ruwa na shiga ta ko'ina, tsawa kamar a cikin kai. Da asuba ruwan sama ya ɗauke, har Mamman ya fara neman ashana. Sai munka ji ƙugi. Ban taɓa jin irinsa ba, ba daga sama yake ba, daga ƙasa, cikin ƙorama.

Ashafa ya fito, ai ya fito. Na gan shi da idona ya kama gaɓa ya hau, ruwa iya ƙugunsa. Da ya tsaya nan da shi ke nan. Keken ya koma ɗaukowa. Wa ya ce shi koma? Ni ban ce shi koma ba.

Gambo ne ya tsamo shi can ƙasa, maƙale a saiwar wata bishiya. An ɗauko shi bisa ƙyauren wani gida. Ƙafar dama, daga gwiwa, ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Bai yi kuka ba, salati kawai yake. Ni na riƙe kusurwa ɗaya ta ƙyauren har bakin hanya inda munka samu motar itace.

Keken ba a gan shi ba.

Talata, 13 ga Satumba. Azahar.

Maɗori ya zo gidan Goggo Hajjo jiya, ya ja ya ɗaure da kara. Ya ce ƙafa za ta taka da yardar Allah. Malam Hadi ya tambaye shi keke fa? Maɗorin ya ce a bar maganar keke.

Ka ga mutane a gidan nan! Mahauta kaf sun zo, masu jima sun zo, har kukun Bature ya zo da lemo a kwando. Zaure cike, takalma har bakin hanya. Ana ta ba da labarin yadda ya yi iyo da ƙafa ɗaya, wai ya riƙe keken har sai da ruwa ya fizge shi. Kowa ƙara gishiri yake. Lokacin da na yi zazzaɓi bara kwana tara, mutum uku sunka zo duba ni, ɗaya ma aron famfo ya zo.

Astagfirullah. Dubi abin da nike rubutawa, mutum na kwance.

Alhamis, 15 ga Satumba. Safe.

Karimatu ta yi farfesun ƙafar saniya ta kai mishi. Ni tuwon jiya anka ɗumama mini.

Juma'a, 16 ga Satumba. La'asar.

Na gaya mishi. Mamman ma ya hango ni tsaye bakin gaɓa ina magana.

Lahadi, 18 ga Satumba. Bayan azahar.

An yi tseren yau, amma ba a kwana ba, mota ta kai mu da sassafe. Fadama duk ruwa, kusan rabin hanya keke a kafaɗa, ƙafa na nutsewa cikin kunyoyin shinkafa, wili na cika da taɓo sai an sa tsinke an ƙwaƙule. Na faɗi sau biyu, na tashi. A hawan ƙarshe ban ji nauyin keken ba ko kaɗan. Na taɓa dalbejiya, na zauna, na sha ruwa, na wanke fuska, sannan Mamman ya ɓullo.

Ban taɓa gudu irin na yau ba. Wallahi ko shina nan da sai ya yi da gaske. Amma wa zai yarda? Malam Hadi ya duba agogo ya ce madalla, ya rubuta sunana. Anka tafa, irin tafin da ake yi wa ɗan makaranta. Sai wani daga baya ya ce, "Allah sarki Ashafa." Duk sunka amsa. Daga nan kowa ya tura kekensa sai gidan Goggo, wai za su kai mishi labari.

Ni za ni Kaduna. Na rubuta shi nan don in gani da idona. Ni za ni Kaduna.

Laraba, 21 ga Satumba. La'asar.

Gambo mai fito ya shigo gari da kifi, ya zo da wilin gaba na keken Ashafa, wai masunta sunka tsinta a cikin taru. Ya lanƙwashe, ciyawa ta nannaɗe shi. Rashin sa'a ina zaure lokacin, da Malam Hadi da mutum wajen goma.

Tsohon ya gaida mai jiki, sannan ya juyo ya ƙura mini ido. Ya ce, "Ba kai na aika ba? Ban nuna maka ruwa ba?"

Na ce, "Ka aike ni, Baba, kuma na isar."

Malam Hadi ya ce ashe an yi gargaɗi? Don mi shi bai ji ba? Na ce mutum ɗaya ne a ƙorama, shi na je na gaya wa. Malam Hadi ya juya wajen Ashafa. Ashafa na kwance bisa gadon kara, ya rame, idanunsa sun faɗa. Shina kallon rufin zaure ya ce, "Ya gaya mini, Malam. Ni na ƙi ji."

Shi ke nan. Gambo ya ce yaran yanzu taurin kai, anka shiga yi wa Ashafa faɗa cikin raha, shi kuwa shina murmushi. Malam Hadi har ya dafa ni ya ce na yi abin da ya kamata.

Da na fito sai na ji haushi ya turnuƙe ni, ban san na mi ba. Ya wanke ni gaban mutane, ko ɗaga kai bai yi ba. Kullum shi ne mai kyauta, ni ne mai karɓa.

Juma'a, 23 ga Satumba. Bayan masallaci.

Goggo Hajjo ta aiko in zo. Na iske ta bayan ɗaki tana tsince shinkafa a faifai. Na tsuguna na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ta tambayi Karimatu, ta tambayi shirin tafiya. Ta ce ta ji an ce na gaya wa ɗan'uwana ruwa na zuwa, Allah shi yi mini albarka. Na ce amin.

Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Jinaidu, ka sa sunan Inno?"

Na ce Goggo iska ta yi yawa ranar, ga hadari, mutum ba ya tuna kowace kalma.

Ta ce, "Ban tambaye ka iska ba."

Na dubi faifan. Akwai wata tsakuwa baƙa a gefe da ba ta gani ba, na sa hannu na cire mata. Ta bar ni tsugune har ƙafata ta yi sanyi, sannan ta ce in tashi in tafi, kada in makara wurin aiki. Yau Juma'a, ta san ba a komawa shago.

Ba shi ya gaya mata ba, na tabbata. Ita ma ɗiyar Inno ce, ta san dokar kamar mu.

Asabar, 24 ga Satumba. Safe.

Kalma uku ce. Don darajar Inno. Ina ta faɗinta yau ni kaɗai ina ɗaure kaya, ba ta da wuya ko kaɗan.

Lahadi, 25 ga Satumba. La'asar.

Tela ya kawo rigar kulob, kore da fari. An yanka ta tun watan jiya, kafin a san wa za shi. Kafaɗun sun yi mini yawa. Karimatu ta ce za ta rage, na ce ta bar ta haka nan.

Talata, 27 ga Satumba. Hantsi, cikin motar Gusau, ba ta tashi ba tukuna.

An ɗaure kekena a saman mota. Daga Gusau jirgin ƙasa, jibi ina Kaduna in Allah ya so.

Da sassafe na biya gidan Goggo in yi sallama, ba yadda za a yi in tafi ban biya ba. Zaure da mutane kamar kullum, mahauta biyar da Mamman. Ashafa ya samu ya zauna, an jingina shi da bango, ƙafar miƙe gabansa cikin kara. Tun a hanya na shirya abin da zan ce. Na ce in na tsokane shi ya rama, to mun koma yadda muke, sauran magana sai na komo.

Na shiga da ƙarfina na ce, "Gurgu, bawana, mi zan sayo maka a Kaduna? Sanda?"

Mahautan sunka fara dariya suna jiran tasa, don sun san bakinsa.

Ashafa ya gyara zama da ƙyar. Ya cire hannu daga cikin bargo ya miƙo mini duka biyu, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Malam Jinaidu, ina kwana. An tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya iyali?"

Na ce, "Kai, bar wanga iskanci."

Ya ce, "Yaya shirin tafiya, Malam? Allah shi kiyaye hanya. Allah shi ba da sa'a, shi sa a fito da mu kunya."

Dariyar ta mutu. Mamman ya dubi ƙasa. Na sake gwadawa, na ce mishi ƙarninsa ya cika zauren, ko wanka ba a yi mishi? Na ji muryata ta yi sama da yawa.

Ya ce, "Haka na, Malam. A yi haƙuri."

Babu fushi a fuskarsa, da akwai da na ji sauƙi. Haka yake gaida mai unguwa, haka yake gaida Bature in ya kai nama. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa jin ya tambaye ni gajiya ba.

Na tsaya riƙe da hannunsa, ban san yadda ake sakin hannun baƙo ba in ɗan'uwanka ne. Shi ya fara zarewa. Ya ce wa Mamman, "A raka Malam bakin hanya."

Mamman ya raka ni.